Busasshiyar Gurasar Zahiyya

Ƙunshin ya faɗo daidai cikin kwandon na'a-na'a, Wadi'a na tsugune tana tsinke ganye. Ba ta ɗaga kai ba. Ta san ƙyallen. Fari ne mai bakin shuɗi, shekara arba'in da ɗoriya yana tsallako wannan katangar duk ranar Laraba, kafin ya daina shekara biyu da suka wuce.

"Inna Wadi'a," in ji wata murya daga bayan katanga. Nuhad ce, 'yar maƙwabciyarta Zahiyya, wadda ta baro aikinta a Beirut ta zo jinyar uwarta. "Mama ce ta ce in miƙo miki."

"Miƙowa ke nan a Beirut? Mu nan jifa muke ce masa."

"Hannuna ne bai kai ba, Inna."

"Na uwarki ma bai taɓa kaiwa ba. Akwai tsohuwar tukunya kife a gindin katangar, a kanta take hawa." Wadi'a ta ci gaba da tsinke ganye. "Me ta ce ki faɗa mini?"

"Ba ta ce komai ba. Ƙunshin ta nuna da yatsa, sannan ta nuna katanga."

Wadi'a ta jira har takun Nuhad ya yi nisa, sannan ta kwance ƙullin. Gurasa ce guda biyar, ta bushe ƙarau. Kowace da ɗan ƙonewa a gefe ɗaya, don Zahiyya tunda take ba ta taɓa iya gashi bakinta a rufe ba, sai zance ya ɗauke mata hankali wuta ta ci gefe. Ita ce gurasar ƙarshe da ta gasa kafin ciwo ya kwantar da ita, mako uku ke nan. Wani ɓalli ya faɗi ƙasa. Wadi'a ta ɗauka, ta sumbata, ta kai goshi kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya, sai daga baya ta tuna ai fushi take yi da mai gurasar.

To, wanda bai san faɗan nan ba, ba ɗan ƙauyenmu ba ne. Matan nan biyu shekara guda aka kawo su amare, katanga ɗaya tsakani. Zahiyya, wadda ake kira Ummu Fu'ad, Allah ya ba ta hannun gurasa, amma ko albasa ta shuka sai ta mutu. Wadi'a kuwa, Ummu Ramzi, tsakuwa ma ta binne sai ta tsiro, amma gurasarta in ka jefi kare da ita sai ya kai ƙara. Sai suka shirya. Ran Laraba gurasa ta tsallako, sabuwa da ragowar da ta bushe, tumatir da kokwamba su tsallaka can. Busasshiyar kuwa kowa ya san makomarta: fattush, kwaɗon ganye da gurasar da ta kwana, don mu nan ba a zubar da gurasa.

A kan wannan kwaɗon kaɗai suka yi shekara arba'in ba su daidaita ba. Wadi'a sai an zauna za a ci take zuba gurasa, ta ce in ba a jiyo ƙarar taunar daga bakin titi ba, ba fattush ba ne. Zahiyya kuwa tun da wuri take zubawa, ta bar gurasa ta sha ruwan tumatir da lemo ta yi laushi. Suna yi suna dariya, har ranar baikon jikar Wadi'a. Zahiyya ta shigo taya aiki, hannunta ya riga tunaninta, ta juye gurasa cikin babbar tasa tun baƙi ba su sauka daga mota ba. Da aka kai gaban surukai 'yan birnin Zahle, masu kallon mutum ta saman tabarau, kunya ta kama Wadi'a, ta ɗaga murya ta ce, "Ku yi haƙuri, wannan na Ummu Fu'ad ne, na marasa haƙori."

A watan ne aka cire wa Zahiyya haƙoranta aka sa mata na roba. Sirri ne. Duk mun sani, amma sirri ne. Ta kwance ƙyallen aiki daga ƙugunta, ta ninke, ta ajiye kan kujera, ta fita. Larabar da ta biyo, katanga ta wuni ba abin da ya tsallaka. Wadi'a ta ce ita ba za ta fara ba. Tumatir ya riƙa ruɓewa a jikin uwarsa, mijinta ya koma sayen gurasar leda a kanti.

Mijin nata, Abu Ramzi, yana zaune ƙarƙashin rumfar inabi yana gyaran wani tsohon famfo da ya shekara goma yana gyarawa. Ya leƙo ƙunshin.

"Ta aiko da gurasa," ya ce. "Saura gishiri. Wannan kuma naki ne."

"Na tambaye ka?"

"Wanda kuka ci gurasa da gishiri tare ba ya tafiya da fushinka, ke ma kin sani. Tashi ki shiga, Ummu Ramzi. Jiya likita ya ce su kira na nesa. An buga wa ɗanta Fu'ad waya a Abidjan."

"Hannu Rabbana zan shiga? In je in tsaya mata a ka kamar mai karɓar kuɗin lantarki?"

"Ba tasar abinci take jira ba."

"Kai dai ka ji da famfonka."

Ta ɗauki wuƙa ta shiga lambu. Ba ta jin komai a ƙirjinta, ko tsoro ko tausayi, kamar an ɗaure wurin da tsumma. Hannuwa ne kawai ke aiki. Ta zaɓi ƙananan kokwamba masu ƙaiƙayi a fata, tumatir huɗu da suka sha rana, kan latas ɗaya, albasa mai lawashi. A gindin katanga ta tsinki baƙla, ganyen nan mai kauri da ke tsirowa ba wanda ya shuka shi. Jijiyarsa ma daga gidan Zahiyya ta ratso.

A ɗakin girki ta wanke ganye sau uku, ta baza a tsumma ya tsane. Ta yanka tumatir manya-manya, don wanda ya yanka ƙanana tabbule yake nufi, wani kwaɗon dabam. Ta daka tafarnuwa da gishiri a ɗan turmi har suka zama ɗaya, ta matse lemun tsami biyu, ta tsiyaya man zaitun na bara, ta ɗiga ruwan rumman mai kauri. Sannan ta buɗe kwalbar sumak, jan garin nan mai tsami da ta tsinko 'ya'yansa daga tsauni ta daka da kanta, ta barbaɗa ba rowa.

Gurasa uku ta ɓalla, ta shafa musu mai, ta jera a kasko. Suka yi ja, suna ƙamshi. Ta juye su a wani kwano dabam.

"Azahar ta yi," in ji Abu Ramzi daga waje.

"Na ji. Ba kurma ba ce ni, kai ne."

Ta yafa mayafi, tasa a hannun dama, kwanon gurasa a hagu. Taku ashirin da biyu ne daga ƙofarta zuwa ta Zahiyya, ta daɗe da sani. Matar mai kanti tana tsaye a bakin shagonta, ta bar mai sayen sabulu da hannu a miƙe ta bi ta da kallo. Kafin Wadi'a ta kai ƙofa, labari ya kai masallaci.

A bakin ƙofar ɗakin ta tsaya, ta juye gurasar cikin tasa, ta juya sau biyu da cokali. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Hannun da ya shekara hamsin yana yin abu, shi ya yi.

Ɗakin na warin magani da ruwan wardi. An jawo gadon kusa da taga. Wadi'a ta nemi Zahiyya a kan gadon, da farko bargo kawai ta gani. Matar da a da sai ta karkata take shiga ƙofa, yanzu ba ta fi ƙullin wanki ba. Bakinta ya shige ciki. A kan ɗan teburin gefe akwai kofin gilashi da ruwa, haƙoran na ciki.

Ido biyu suka buɗe, suka daɗe a kanta.

"Kin tsufa," in ji Zahiyya. Muryar kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Ke kuwa ga ki nan amarya."

"Mijinki ya gama famfon?"

"Saura kaɗan."

"Allah ya ba shi tsawon rai." Ta lumshe ido, ta sake buɗewa. "Gurasar leda kuke ci, an ce."

"Wa ya ce?"

"Ledar. Iska na kawo ta gidana."

Nuhad ta yi 'yar dariya, ta juya baya tana goge ido da gefen hannu. Ta kawo kujera. Wadi'a ta zauna da tasar a cinya. A hanya ta shirya magana, mai tsawo ma, da "ki yafe mini" a ƙarshenta. Yanzu ta neme ta ta rasa. Sai ta ce, "Baƙlar ta gindin katangarki ce."

"Ɓarauniya."

"Kwana huɗu ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa," Nuhad ta raɗa mata. "Ban san ko za ta iya ba."

"Ina ji," in ji Zahiyya. "Mutuwa nake yi, ba kurumta ba. Ɗaga ni."

Suka sa mata matashi biyu. Wadi'a ta ɗebo kaɗan a bakin cokali, ɗan tumatir, ganye ɗaya, ɓallin gurasa. Zahiyya ta buɗe baki ta karɓa. Ta juya shi dama, ta juya shi hagu. Gurasar ba ta karye ba. Fuskarta ta yamutse, ta fara tari, Nuhad ta sa yatsa ta zaro ɓallin. Yana nan yadda yake, da kaifinsa, da ɗan ja a gefe wanda ba sumak ba ne.

Zahiyya ta koma kan matashi tana maida numfashi. Da ta samu iska sai ta ce, "Har yanzu tsakuwa kike ba mutane."

Wadi'a ta dubi ɓallin a tafin Nuhad. Ta dubi kofin gilashin. Fuskarta ba ta nuna komai ba, kunnuwanta ne kawai suka yi zafi. Ta ajiye tasar kan tebur, ta miƙe.

"Saura gurasa biyu a gida. Bari in sake."

"Zauna."

"Yanzun nan zan dawo."

"Zauna, Wadi'a."

Rabon da ta kira ta da sunan yanka tun suna amare. Amma Wadi'a ta riga ta kai ƙofa. Ba za ta iya zama kusa da kofin nan ba. Daga bakin ƙofar ta juyo, ba ta dubi gadon ba, ta ce, "Naki irin, har yaushe ake barinsa?"

"Kofi biyu na gahawa," in ji Zahiyya, ido a rufe. "Da gulma ɗaya."

Ta sake komai daga farko, ko gajarta hanya ba ta yi ba. Ta koma lambu, ta wanke ganye sau uku, ta daka tafarnuwa da gishiri. Wannan karon ba ta gasa gurasar ba. Ta ɓalla ta ƙanana a ƙasan tasa, ta matse tumatir a kai da hannu har ruwan ya bi ta gwiwar hannunta, ta zuba sauran kaya, ta juya, ta rufe da faranti. Sannan ta ɗora gahawa a wuta, tunda da ita aka ce a auna.

"Ki ɗauka ki je can ya jiƙa mana," in ji Abu Ramzi daga bakin ƙofa. "Gurasa ba ta san gidan da take ba."

"Sai ya yi zan kai."

"Ummu Ramzi."

"Sau ɗaya na kai mata abin da ba ta iya ci. Ba zan yi na biyu ba."

Ya tsaya kaɗan, ya koma wurin famfonsa, amma ba a ƙara jin ƙarar ƙarfe ba.

Ta shanye kofi na farko a tsaye. Ta ɗaga faranti ta latsa gurasar da yatsa, da saura. Ta zuba na biyu ta zauna a dakalin gindin katanga. Gulmar ce ba wanda za ta yi da shi. Ga labarai sun taru na shekara biyu: 'yar liman da ta dawo daga Jamus da miji mai ɗan kunne, mai kanti da ya rina gemu ya fito kamar jan biri, surukan nan 'yan Zahle ma da aka gano tabarau ɗin na aro ne. Duk ta adana su, ba ta ba kowa ba, don ba wanda ya iya karɓar labari irin Zahiyya, mai dafe ƙirji ta ce "Rantse!" Ta fara jera su a zuci, wanne za ta fara bayarwa.

Ta ƙetaren katanga rediyon da ke karatun Alƙur'ani a hankali tun safe ya yi shiru. Aka ja kujera. Aka buɗe taga har ta bugi bango. Sai muryar Nuhad, ba da ƙarfi ba, kamar mai tashin wanda ya makara: "Mama. Mama." Sau biyu. Na ukun ba kira ba ne.

Wadi'a ta dubi kofinta. Saura rabi. Ta shanye. Ta shiga ɗakin girki, ta ɗaga faranti, ta latsa gurasar. Ta yi laushi, daidai yadda ake so. Ta ɗanɗana, ta ƙara ɗan gishiri, ta juya. Ta wanke wuƙa, ta wanke turmi, ta goge tebur. Abu Ramzi na tsaye a tsakar gida, ya cire hularsa yana salati.

"Ta tafi, Ummu Ramzi," ya ce.

"Na ji."

"Ina za ki da tasar?"

"An ce in kawo."

Ba wanda ya ce ta kawo, amma ya matsa ya ba ta hanya.

Kafin ta yi takunta ashirin da biyu mata sun fara cika gidan. Ban san yadda muke yi ba, amma mu matan ƙauyen nan mutuwa ba ta rigan mu shiga ɗaki da nisa. Wata na kwashe magunguna, wata na aiken a kawo kujeru, matar mai kanti na tambayar ko Fu'ad zai iso kafin azahar ɗin gobe ko a yi jana'iza ba shi. Da suka ga Wadi'a da tasa suka dare, kowa na son ganin ko za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta shiga ɗakin.

An ɗaure wa Zahiyya haɓa da farin ƙyalle, an ja mata mayafi zuwa ƙirji. Kofin gilashin babu shi. Nuhad na zaune a ƙasa, ta jingina kai da gadon.

"Allah ya jiƙanta, 'yata," in ji Wadi'a. "Allah ya ba mu haƙuri." Maganar ta fito daidai yadda ake faɗinta a kowane gidan makoki. Ta nemi inda za ta ajiye tasar hannunta, sai ta ga ta farkon tana nan kan tebur inda ta bar ta. Da cokali a ciki. A gefe ɗaya an ɗiba, ya yi ɗan rami.

"Wa ya ci wannan?"

Nuhad ta ɗago. "Ita."

"Ba ta iya ba. Ina nan."

"Bayan kin fita ne. Ta yi barci kaɗan, da ta farka ta ce in taɓa mata gurasar in ji. Na ce ta jiƙe, Mama, ta lalace. Ta ce ba ni." Nuhad ta ja hanci. "Cokali uku ta ci, Inna. Ta haɗiye duka."

Wadi'a ta sa yatsa cikin tasar ta latsa. Gurasar da ta gasa da mai, ta yi ta taƙama da ita, ta sha ruwan tumatir ta kwanta lub.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce lemun tsami ya yi yawa."

"Ƙarya take."

"Ta ce amma gishirin ya ji. Ta ce in faɗa miki haka, kada in manta. Sai ta tambaya ko kin dawo. Na ce kina hanya."

Wadi'a ta gyaɗa kai. Ta miƙa wa matar mai kanti tasa ta biyu, ta ce a ba masu zuwa daga nesa, tunda gidan nan ba za a hura wuta ba sai bayan kwana uku. Ta ce abincin gobe da jibi da gata nata ne, kada wata ta sa mata hannu. Ta taya aka kawar da teburin, ta nuna wa Nuhad akwatin da uwarta ta ajiye likkafaninta tun dawowarta daga Makka, don ita kaɗai ta sani. Idonta a bushe. Matan suka riƙa satar kallonta, daga baya an yi ta magana a kai, wasu suka ce taurin zuciya ne. Su suka sani.

Da la'asar ta yi sanyi ta ɗauki tasar farko ta fito, ba wanda ya hana ta. Abu Ramzi ya tafi masallaci wajen maza. Gidan ba kowa. Farin ƙyallen mai bakin shuɗi na nan cikin kwandon na'a-na'a, da 'yan ɓarɓashin gurasa a jikinsa. Ta tattara ɓarɓashin a tafin hannu ta zuba cikin tasar, ta ninke ƙyallen gida huɗu, ta ɗora a kan katanga.

Sannan ta zauna a dakali, ta jingina bayanta da katangar da har yanzu take da ɗumin rana. Ta can ƙetare ana ta jan kujeru. Ta ɗauki cokalin da ke ciki, ba ta goge shi ba, ta fara daga gefen ɗan ramin nan. Tana ci a hankali, tana taunawa, kuma ko kazar da ke kiwo kusa da ƙafarta ba ta jin ƙarar komai.